Ranar da Na Yi wa Batir Kishiya

Ƙeyata a kumbure take har yanzu, hula ma ta ƙi zama, don haka kada kowa ya tambaye ni dalilin fitowata da kai tsirara.

Ina da tsohuwar Hilux da nake shiga gona da ita can bayan Tudun Wada, inda kwalta ke ƙarewa ta bar ka da rami da yashi. Da kaka a can nake kwana, kuma ina son ƙaramin firji da fitila. In ka jona su da batirin mota, da asuba ka murza makulli sai ka ji ƙyat-ƙyat, ga shi a dajin nan ba mai tura ka sai shanu. Maganin abin batir na biyu. Na shiga Ƙofar Ruwa na sayo batir da waya mai kauri da fis biyu da rile.

Aikin ba wuya a baki. Jan kai ya tafi wurin jan kai, baƙi ya kama jikin mota, wuta ta tsaya a volt 12. Rile kuwa yana tsakani: inji na tashi, altanato ya kai wuta kusan volt 14, sai ya haɗa batiran su sha caji tare, inji na mutuwa ya raba su, firji ya sha nasa, na tayar da mota ya kwana da ƙarfinsa. Mai rewaya ya faɗi kuɗin aikinsa, na ce a kan 'yan wayoyin nan? Na ɗage bonet a ƙofar gida.

Nan Baba Maigadi ya jawo bencinsa.

"Yallaɓai, kishiya za ka yi mata?"

Na ce batir ne, Baba.

"To ai shi ne. Ka yi wa uwargida kayan faɗar kishiya? Tsohon batir ba ya son ganin sabo. Ka sayo Coca-Cola ka zuba mata a ka, ranta ya yi sanyi. Kuma ka sa silifas. Wuta ba ta kama mai silifas."

Baba bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma ya yi gadin gareji a zamanin Shagari, kuma tun lokacin yake ba da fatawa a kan mota. Na sa silifas don a zauna lafiya. Na ɗauki sifana lamba 10, na cusa kai cikin inji, na fara ɗaure sabuwar waya a jan kan uwargida. Murɗa ɗaya, murɗa biyu. A ta uku wutsiyar sifana ta taɓa ƙarfen da ke riƙe batir.

Tas!

Wani shuɗin haske ya cika min ido, tartsatsi ya watsu, sifana ta yi tsalle ta bar hannuna. Ni ma na yi tsalle, sai dai sama akwai bonet. Ƙeyata ta doke shi, sandar da ke tokare da shi ta zame, ya sauko ya kwanta a gadon bayana. Rabina a cikin mota, rabina a titi, silifas ɗaya a ƙafa, ɗaya a kwata.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke hana ni barci shi ne abin da ya fito daga bakina. Ba salati ba, ba innalillahi ba. Ni da furfura a gemu, mai 'ya'ya a sakandare, na buɗe murya na ce, "Wayyo Inna!" Kuma cikin inji amsa-kuwwa gare shi. Na ji kalmar ta zaga radiyeta, ta bi ta ƙarƙashin mota, ta fita layi. Ina ta juya abin a raina: tas, wayyo Inna, ƙum. Wani lokacin ƙum ɗin ke riga zuwa, amma Inna ba ta taɓa fita daga lissafin ba.

Daidai nan na ji sallama. Ta ƙasan bonet na hango takalmi sau-ciki da bakin farar babbar riga. Alhaji ne, mahaifin maiɗakina, ya zo ganin jikoki.

Dattijo mai alkunya, sai ya yi kamar bai ga komai ba. Ya tsaya a bayana ya fara gaisuwa.

"Sannu da aiki. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba," na amsa wa altanato.

"Ya iyali? Ya gona? An fara yankan dawa?"

Ina son in durƙusa, ba hali. Na lanƙwasa gwiwa ɗaya iya yadda bonet ya yarda. Sai da ya tambayi kowa, sannan ya ce, "Ina Inna kuma, tana lafiya?" Ya shige gida.

Baba Maigadi bai ɗaga bonet ba sai da ya gama bayani. "Ka gani ko, yallaɓai? Uwargida ce ta yi yaji. Da ka zuba lemon nan da ba a kai ga haka ba."

Da la'asar mai rewaya ya zo, ya zaro sifana, gefenta a narke kamar an yi walda. Ya ce jikin mota gaba ɗaya a haɗe yake da baƙin kai, ƙarfen da ya gama shi da ja kuwa amfiya ɗaruruwa ke bi ta cikinsa, kuma fis ɗina na can gaba, bai ma san an yi ba. Volt 12 ba ta jan mutum, ƙonawa take. Baba ya ce ai silifas ne suka hana ta ja.

Mai karatu, in za ka taɓa batir, fara kwance baƙin kai, sannan ka leƙa layi ka tabbata surukinka ba ya tafe.