Gadon da Ba Ya Tafiya

A wani zaman makoki a Nima, ƙarƙashin rumfar da aka kafa bakin titi, maigidan sai faɗi yake likitocin yanzu ba su san aikinsu ba, tunda kwana biyu kacal matarsa ta yi a hannunsu ta cika. Kowa a wurin ya san wata uku ta yi tana tari a ɗaki, ana cewa a bari a gama bikin 'yarsu tukuna. An ɗinka yayi, an yanka sa, an yi hayar kujeru. Katin inshorar lafiyarta kuwa yana ƙasan akwati, wa'adinsa ya ƙare tun bara. Ba wanda ya tanka.

Can sai wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Alhaji, Allah ya jiƙan Hajiya. Bari in ba yaran nan labarin asibitin Korle Bu.

"A 1908 annoba ta shiga Accra ta yi ɓarna, a lokacin garin ba shi da babban asibitin kirki. Sai a watan Oktoba na 1923 Gwamna Guggisberg ya buɗe Korle Bu, can kusa da Sabon Zongon Malam Bako, gadajensa ba su kai 200 ba. Turawa aka yi musu nasu a Ridge. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a 1941, aka kafa na soja, 37, ga shi nan kusa da mu. A 1962 Korle Bu ya zama wurin koyar da likitoci, yau gadajensa sun kusa 2,000. Maamobi ma ga namu, tafiyar ƙafa ce.

"Sai dai maginan nan duk sun yi kuskure ɗaya. Ba wanda ya yi dabarar koya wa gadon asibiti tafiya, ya taso da kansa ya shigo lungu, ya yi sallama, ya ɗauki majinyaci. Shekara ɗari ke nan yana zaune, sai an kai masa."

Wani saurayi ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ai gado ba ya tafiya."

Dattijo ya ce, "Ashe ka sani. Allah ya yi maka albarka. To in an shafa fatiha, wuce gida ka duba katin uwarka."