Tseren Sama da Man Ƙasa

A shekarar 1990 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da wasan F-Zero: tseren motoci a shekara ta 2560, a kan titunan da aka rataye a sararin samaniya. Motocin ko taya ɗaya ba su da ita, shawagi suke yi a saman titi. A 1995 kuma wasu 'yan Liverpool ta Ingila suka kawo Wipeout a PlayStation, shi ma babu taya.

Duk ɗan acaɓan da ya taɓa ɗauko buhun masara daga ƙauyukan Rogo zuwa Ƙaraye a tsakiyar damina zai ce lallai mutanen nan sun san ciwon talaka. Babu taɓo, babu rami, babu "Malam, sauka mu tura." Ko ruwan madatsar Challawa ne ya tare hanya, sai dai masunta su ga giftawar inuwa. Masu faci ne kawai za su kai kuka gaban hakimi.

Sai dai fa matuƙin irin wannan mota, gwarzo mai keta taurari, ransa yana hannun ɗan janareton da ke bayan shagon gem. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai shago da ido ɗaya yake kallon tsere, ɗayan yana kan tanki. Yaro ya sha kwanar ƙarshe ke nan, janareto ya yi tari, allo ya yi baƙi ƙirin.

"Yaya, wallahi ni ne na ɗaya!"

"Na gani, ƙanena. Kawo kuɗin wani zagayen, ko ka ba masu ƙwallo wuri."