A Dawo Mana da Shi, Mu Zage Shi

Duk majalisar da ta yi sanyi tsakanin Samaru da Sabon Gari, suna ɗaya ke tayar da ita: Samanja. Ka ambace shi kawai ka koma gefe. Dattijon da tun la'asar yake kukan ciwon gwiwa zai miƙe zumbur ya ƙame, ya sara wa iska, ya hau kwaikwayon Hausar bariki ta marigayi Usman Baba Pategi har hularsa ta faɗi. Daga nan a shiga Karkuzu na Bodara, a gangaro kan Ƙasimu Yero, a yada zango a Magana Jari Ce da NTA Kaduna ta mayar wasan talabijin a shekarun 1980. Ƙarshen zancen kullum ɗaya ne, kuma da ajiyar zuciya ake yin sa: "Kai, ina ma a dawo mana da irin waɗannan!"

Ni dai ba na cewa amin. Na san mutanena.

A fara duba shaidun tukuna. Yawancin masu rantsuwa cewa ba su taɓa fashin kallo ba, a wancan zamanin ko wayar lantarki ba a ja gidansu ba. Talabijin ɗaya ce a layi, a gidan wani ma'aikacin reluwe a Sabon Gari ko wani malamin jami'a a Samaru, mai ƙofar katako da ake ja a rufe, makullin yana aljihun mai gida. Tashar ba ta buɗewa sai da yamma. Yaron da ya yi wanka ya shafa mai a bar shi ya zauna a ƙasa. Wanda bai yi ba ya leƙa ta taga, ya ga rabin fuskar Samanja da dukkan ƙeyar mai gida. NEPA kuma ta ɗauke wuta daidai inda za a kama mai laifi. Saboda haka rabin abin da suke tunawa a makaranta aka ba su labarinsa washegari, mai ba da labarin kuwa shi ma ta taga ya gani. Shi ya sa yau mutum zai ɗauko abin da Karkuzu ya yi a Jos ya jingina wa Samanja a Kaduna. Ka gyara masa, ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Yaro, an haife ka a lokacin?"

Magana Jari Ce kuwa mu Zage-zagi mun daɗe da yanke hukuncin cewa kayanmu ne. A nan Zariya Abubakar Imam ya rubuta littafin, lokacin Rupert East na Hukumar Talifi, aka fara buga shi a 1937. Katsinawa suna da nasu ƙorafin a kan Imam, amma su kai shi gaba. Ƙasimu Yero ma namu ne. To amma a tsaya a dubi labarin da idon basira. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa, waziri yana ƙulla makirci, kuma wanda ya tsare gida ba dogari ba ne, ba malami ba ne, tsuntsu ne. Aku ya yi ta zuba tatsuniya dare bayan dare har ya hana ɗan sarki fita, daga baya aka naɗa shi waziri. An naɗa tsuntsu sarauta, kakanninmu suka karanta, iyayenmu suka kalla, ba wanda ya ce uffan. Waɗannan mutanen ne yau za su kalli fim ɗin Kano, su ga jarumi ya shiga ɗaki da farar riga ya fito da shuɗiya, su yi tsaki su ce, "Wannan ai rainin hankali ne."

Kada a ce ina yi wa jama'a mummunan zato. An gwada a Amurka, kuma sakamakon yana nan a rubuce.

A 1990 tashar ABC ta fara nuna wani shiri mai suna Twin Peaks, na David Lynch da Mark Frost. A sama labarin kisa ne: an tsinci gawar wata ɗaliba, Laura Palmer, aka turo jami'in bincike Dale Cooper ya gano wanda ya kashe ta. Amma da ka shiga ciki sai ka ga abin ya fi kama da mafarkin mai zazzaɓi. Akwai matar da ke yawo rungume da guntun icce tana isar da saƙonsa. Akwai ɗaki mai jajayen labule inda wani wada ke rawa yana magana a juye. A 1991 aka dakatar da shirin, a cikin kashi na ƙarshe kuwa mamaciyar ta yi wa Cooper alkawarin za su sake haɗuwa bayan shekara 25. Masoya suka riƙe wannan alkawari da hannu biyu. Suka tsufa suna jira, suna taro, suna roƙo.

A 2017 addu'arsu ta karɓu. Tashar Showtime ta dawo da shirin, kashi 18, Lynch ne da kansa ya ba da umarnin duka. Sai me? Cooper ɗin da aka yi rubu'in ƙarni ana ɗoki ya dawo a susuce, ba ya iya haɗa jimla, sai maimaita ƙarshen maganar mutane, sai an ja shi ana kai shi ofis. Bai dawo hayyacinsa ba sai a kashi na 16. A wani wuri kyamara ta tsaya fiye da minti biyu tana kallon wani yana share daɓen mashaya, shara kawai, ba magana. Kashi na 8 ya bar labarin a tsakiya ya koma gwajin bam ɗin nukiliya na 1945. Mawaƙi David Bowie, da ya taɓa fitowa a wani fim da aka yi na shirin, ya rasu a 2016 kafin a ɗauki nasa ɓangaren, sai Lynch ya dawo da mutumin nasa a siffar wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai fitar da tururi. Wannan kam da mai shayin bakin tashar Kwangila ya gani da ya ce an saci fasaharsa. Aka rufe shirin Cooper yana tambayar wace shekara ake ciki, wata mata ta ƙwalla ƙara, fitilu suka mutu. Masoya suka rabu. Wasu suka ce an cuce su. Wasu suka ce wanda bai gane ba jahili ne, alhali su ma ba su gane ba. Wata mujallar fina-finai ta Faransa ta ce a shekarun 2010 ba a yi abin da ya kai shi ba, wanda hakan ya ƙara fusata kowa.

Mu ma ai mun ɗan ɗanɗana. Shirin Labarina na Aminu Saira, da ya fara a 2020, ba tsohon shiri ba ne, amma duk hutun da ya tafi sai an yi ta kiran a dawo. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, sai ka ɗauka an sauya wa wasu uwa ne ba da shawararsu ba. Mutane suka yi rantsuwa sun daina kallo. Ranar da aka saki sabon kashi, su ne a sahun gaba, wai suna so su ga yadda aka lalata shi ne. Haka suka yi ta duba lalacewar mako bayan mako, ba fashi, har da tambayar yaushe za a saki na gaba.

Yanzu a ƙaddara wani mai ƙarfin hali ya ce zai sake yin Magana Jari Ce.

Samaru ba za ta kalli shirin ba, nazarinsa za ta yi. Unguwa ce da ke numfashi da Jami'ar Ahmadu Bello, inda tun shekarun 1970 ake da dandalin wasan kwaikwayo na ginin ƙasa a cikin jami'a, kuma ko mai sayar da katin waya yana da ra'ayi a kan jigo da salo. Kafin a gama kashi na farko an kafa mazhabobi. Wani ɗalibi zai ce akun talaka ne da aka kulle a keji. Abokinsa ya ce a'a, ɗan jarida ne da gwamnati ta saya da rawani. Na uku, wanda ya taɓa cin jarrabawar falsafa da ƙyar, ya ce babu aku ɗin ma sam, Musa ne ke magana da kansa. Idan kyanwa ta gitta bayan sarki saboda mai ɗaukar hoto bai kore ta ba, za a yi mako ana muhawara a kan abin da kyanwar ke nufi. Ka ce, "Malam, ni fa gani na yi kyanwa ce kawai," a yi murmushin tausayi a ce, "Ina madogararka?" Kafin zangon karatu ya ƙare an rubuta kundin digiri a kai, kuma marubucin bai wuce kashi na biyu ba domin datarsa ta ƙare. Mafi haɗari a cikinsu shi ne wanda ya karanta littafin. Wannan zai zauna da shi a cinya yana bin layi da yatsa, duk inda aka tsallake labarin da Fasih, ɗan akun, ya kamata ya ji, sai ya dafa goshi ya ce an ci amanar adabi.

Sabon Gari ba ta da wannan lokacin. Can kasuwa ake, tambayoyin ma na kasuwa ne. "Alhaji, wannan akun nawa suka saye shi?" "To wai a ƙarshe wa zai auri wa?" "Kashi uku ba waƙa ko ɗaya, makoki ake?" Ga shi unguwar tun zuwan jirgin ƙasa ta tara kowa da kowa, saboda haka kowa da mamacin da yake so a tayar masa. Mai kayan gyaran mota zai ce shi Ƙasimu Yero da ya sani Uncle Gaga ne na Cock Crow at Dawn, kuma idan ana maganar dawowa a fara da Zebrudaya. Iya mai atamfa ta ce ai an dawo musu da Village Headmaster a 'yan shekarun nan, ta kalla, amma ba irin na da ba ne. Ka ce, "Iya, me ya bambanta su?" Ta ce na da ɗin dai ya fi. Shi ke nan hujjar, kuma ba ta karɓar ragi.

Inda unguwannin biyu za su haɗu shi ne a kan akun kansa. In aka yi shi da kwamfuta: "Wannan ba akunmu ba ne, namu yana da kwarjini." In aka kawo na gaske: "Haba, duniya ta ci gaba, har yanzu da tsuntsu a keji?" In aka sa matasa, an cika shirin da yaran da ba su san Hausa ba. In aka nemo tsofaffin da suka rage, ai sun tsufa, a bar su su huta. 'Yan siyasa kuma kowane ɓangare zai gane fuskar abokin hamayyarsa a jikin mugun wazirin, ya yaba wa shirin, har sai ranar da wani ya raɗa musu cewa da nasu gwanin ake. Sannan ga direban a-daidaita-sahu da zai ɗauke ka daga Kwangila, kafin ku kai Palladan ya gaya maka ƙarshen kashin da kake ajiye da shi za ka kalla da dare. Ka nuna ɓacin rai, ya ce, "Yallaɓai, ai taimakonka na yi, data ta yi tsada."

Zancen data ya kawo mu inda dariyar take ɗan ɗaci. Duk wannan soyayya kyauta ake yin ta. Masu cewa a dawo da shirin, in ya dawo, wurin masu tura fina-finai a waya za su je da 'yan canji a loda musu, wanda ya kashe kuɗinsa ya shirya kuwa ya samu addu'a da gyaran kuskure. Guntayen tsofaffin wasannin ma suna yawo a YouTube. Tura wa dattijon nan mai ƙamewa ɗaya ka gani. Minti uku zai yi ya ce hoton ya yi duhu, sautin yana shaƙewa, ya koma kallon ƙwallo. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, Karkuzu a 2025. Shi Karkuzu sai da ya kai ga rasa gani, ya fito yana neman taimako, har ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. A lokacin majalisun nan ba su fasa zama ba, ba su fasa cewa ba a taɓa yin kamarsa ba. Hular da ke faɗuwa wurin kwaikwayo ce dai ba wanda ya tuna ya ɗauka ya zagaya da ita.

Don haka roƙona ga NTA Kaduna: in tsofaffin kaset ɗin nan suna nan, a kakkaɓe su, a gyara sauti, a haska su yadda suke, ko yara sa ga abin da ake cika musu baki a kai, iyayen kuma su ga ɗaya rabin fuskar da taga ta ɓoye musu. Wanda kuma ya ce lallai sai ya yi sabo, Allah ya ba da sa'a. Ya fara nuna shi a Kano, su ba su da yawan bincike. Ranar da zai iso Zariya ya kashe wayarsa, kuma kada ya biyo ta Kwangila.