Ranar da Na Yi Wasiyya a Bakin Tukunya

A layinmu na Kantin Kwari an san ni da cin yaji. Mai tsire in ya hango ni tafe, sai ya ja kwanon yajinsa ya kai bayan tukuba. Matata ta daina tambayata ko attaruhu ya ji a miya, don amsar ɗaya ce kullum. Yaran shago har kirari suke yi min, wai barkono ne ke atishawa in ya gan ni. Da wannan suna na bi Kawu zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ya daɗe yana saro atamfa da leshi daga can, kuma shi ya sa ni a kasuwa. Yana bi na wasu kuɗi da suka kwana biyu. Duk ranar da ya tayar da zancen, sai in langaɓe kai in ce, "Kawu, kai ma ka ga yadda garin yake, na cefane ma da ƙyar." Shi kuma ya ce Allah ya hore.

Mun sauka ana cikin baje kolin Kanton, wanda ake yi tun 1957, sau biyu a shekara, a birnin da mutanensa suka haura miliyan 18. Masaukinmu a unguwar Shawbe yake, inda 'yan kasuwar Afirka da Larabawa suka fi taruwa. In ka fito daga tashar jirgin ƙasa ta layi na 5, kafin ka yi nisa ka ji Larabci, ka ji Faransanci, ka ji Bambaranci, can kuma ka ji wani yana rantsuwa a waya da Hausa cewa kaya suna kan ruwa.

Wurin da na fara sabawa da shi shagon taliyar Lanju ne. A lokacin ba ya ɓata: allo kore, an rubuta halal da Larabci, maigidan da farar hula, matarsa da ɗankwali, Musulmi ne 'yan ƙabilar Hui daga arewa maso yammacin ƙasar. Yaron shagon zai yanko curin kwaɓaɓɓiyar fulawa, ya ja, ya ninka, ya maka a tebur, ya sake ja, kafin ka gama gyara zama ta koma taliya siri-siri ya cilla ta tukunya. Romon naman shanu ne garau, mai daɗi, kuma a lokacin kwano ɗaya bai kai yuan 20 ba. Ƙorafina ɗaya ne, naman. Yankan da suke yi masa, in ka ɗaga kana iya ganin fuskar wanda ke zaune gabanka ta ciki. A kan kowane tebur akwai man barkono ja wur. Na zuba cokali, na ƙara, na ƙara, ban ji komai ba. Nan na yanke hukunci a gaban Kawu: barkonon Sinawa kala ce kawai, ba shi da zuciya.

Da dare kuwa wurin Uygurawa, mutanen Shinjan, muke zuwa. Tsiren rago suke gasawa a tsinken ƙarfe, da gutsuren kitse a tsakiya, su haɗa maka da gurasar tanderu mai tauri. Ba ƙuli-ƙuli a ciki, wannan kam an yi asara, amma duk wanda ya ce tsiren nan ba daɗi son kai ne. Kawu shi ya fi son gidan Yamalawa, don ana zama a ƙasa a ci shinkafar mandi da hannu ba mai kallonka. Na Turkawa mun leƙa sau ɗaya, Kawu ya ga farashi ya ce dama shi ba ya jin yunwa. Akwai kuma ɗakunan girki na 'yan Afirka a saman benaye, ƙofa ba allo ba alama, sai wanda ya san wani, inda ake tuƙa teba da miyar agushi.

Ana nan sai mai masana'antar da muke sayen atamfa a wurinsa ya gayyace mu cin abincin dare. A ƙasar Sin rabin ciniki a kan tebur ake ƙulla shi. Tafintanmu wani ɗalibi ne ɗan Maraɗi, yaro mai ladabi, sai dai Allah ya yi shi da riƙon amana fiye da kima: duk abin da ka faɗa sai ya fassara. Mai masana'anta ya tambaya ko muna cin yaji. Kawu ya ce kaɗan-kaɗan. Ni kuma na maimaita hukuncin nan nawa kan barkonon Sinawa, ina nufin iyakarsa tsakaninmu. Yaron nan ya kwashe shi duka ya juye wa mutumin. Na ga ya yi murmushi, ya ɗauki waya ya canza wurin da za mu je.

Gidan halal ne, wannan ya kiyaye. Muna zama aka kawo kwanuka a naɗe cikin leda, da butar shayi, da wata roba babba aka ajiye a tsakiya. Mutanen Gwanzu suna da al'ada: shayin farko da shi ake ɗauraye kofi da kwano da tsinkayen cin abinci, a juye ruwan a robar. Ni ina na sani? Na tsiyaya nawa na yi bisimilla na shanye. Da na ga kowa ya juye nasa a roba, sai na ce madalla, ashe su ma suna kawo ruwan wanke hannu. Na naɗe hannun riga na tsoma duka biyu. Ruwan bai daɗe da sauka daga wuta ba. Ban yi ihu ba, don akwai mata a wurin, amma na ambaci sunan Allah da ƙarfin da ma'aikata biyu suka waigo.

Sai ga tukunya. An kafa ta a tsakiyar tebur a kan wuta, an raba cikinta biyu. Gefe ɗaya romo ne fari, natsattse. Ɗaya gefen kitsen shanu ne narkakke, ja har yana baƙi-baƙi, busasshen barkono na iyo a kai, da wasu ƙananan ƙwayoyi masu ruwan ƙasa. Girkin mutanen Sicuwan ne: ana kawo ɗanyen nama da tumbi da ganye, kowa ya tsoma nasa ya dahu ya tsamo. Kawu ya matsa wajen farin. Mai masana'anta da hannunsa ya tsoma min tumbi a jan, ya ɗan jira kaɗan, ya ajiye min a kwano.

Loma ta farko daɗi. Ta biyu na ji zufa ta tsattsafo, na ce wannan ai wasan yara ne. Don in nuna musu ko ni wane ne, na sa ludayi na ɗebo ƙwayoyin nan na watsa baki na tauna.

Ba zafi na fara ji ba, shi ya ruɗa ni. Leɓɓana ne suka kama kaɗawa kamar injin markaɗe. Harshena ya yi nauyi, na taɓa shi da yatsa ban ji na taɓa komai ba. Na kurɓi ruwa, ashe ruwan ɗumi ne, don shi suke ba baƙo. Yawu ya fara zubo min ta gefe ɗaya. Take na tuna maƙwabcinmu da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, shi ma daga baki abin ya fara masa.

Na damƙe hannun rigar Kawu. "Kawu, tawa ta ƙare. Ka riƙe wasiyyata."

"Kai, ɗan nan, lafiya?"

"Mai shagon da ke kallon nawa ina bin sa dila biyu. Makullin sif yana cikin tsohuwar hulata. Sannan fulotina na Janguza, takardun suna wurin..."

"Fulotinka na ina?"

Ɗan Maraɗi, Allah ya shirye shi, yana ta fassara wa mai masana'anta. Mutumin ya yi dariya har ya cire tabarau. Sai a lokacin yaron ya tuna ni ma ina buƙatar bayani. Ya ce, "Alhaji, ba ka mutuwa. Ƙwayar nan ba barkono ba ce, ɓawon 'ya'yan wani itace ne, dangin fasaƙwari na wurinmu, wanda tsofaffi ke taunawa in haƙori na ciwo. Aikinta ke nan, ta kashe baki. Ba a tauna ta, gefe ake ture ta." Har ya ƙara min da cewa a 2013 wasu masu bincike a Landan sun auna kaɗawar da take sa leɓe, suka samu kamar sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Wato ya san duk wannan, ya zuba min ido ina ɗiba da ludayi.

Bakina ya dawo kafin a kawo kankana. Kawu kuwa tun daga nan bai ƙara cewa uffan ba, sai tsamo namansa yake daga farin romo yana ci a natse. A cikin tasi ma shiru. Sai da muka zo ƙofar ɗaki ya juyo ya ce, "Ashe Allah ya hore." Watan da muka koma Kano na biya shi kuɗinsa cas, har da na tasin daren nan.

Saboda haka in Allah ya kai ka Gwanzu, da rana ka nemi allo kore ka sha taliyarka, da dare ka ci tsiren Uygurawa, ranar da ka yi ciniki mai kyau ka je gidan Yamalawa. In kuma an gayyace ka tukunya mai gida biyu, ka zauna ta wajen farin, kada kuma ka je da wanda yake bin ka bashi.