Ire-iren Masu Muhawarar Fanshon Tsofaffin Gwamnoni a Zamfara ta Yamma

Bakura da Talata Mafara da Maradun kowanne ya ba Zamfara gwamna, wato Ahmad Sani Yarima da Abdul'aziz Yari da Bello Matawalle, saboda haka lokacin da majalisar dokokin jihar ta soke dokar fanshon tsofaffin gwamnoni a Nuwamban 2019, bayan wasiƙar da Yari ya rubuta yana neman alawus ɗinsa na naira miliyan 10 a wata, muhawarar da ta ɓarke a teburan masu shayi ta fito da ire-iren mutane da suka cancanci a tantance su.

Na farko shi ne ɗan kishin gari, wanda ke yanke hukunci kan doka bisa mahaifar wanda ta shafa. Na biyu shi ne lauyan benci, mai ambaton sashe da sakin layi na dokar da bai taɓa ganin bangonta ba. Na uku shi ne akanta, wanda ke raba miliyan 10 da kuɗin buhun gero, alhali mai shayi na bin sa kofi biyu.

Mafi ban sha'awa shi ne ɗan-a-mutu, wato magoyin bayan da ra'ayinsa ke bin ubangidansa duk inda ya juya. A 2019 ya ɗora rediyo a kafaɗa yana rantsuwa cewa soke dokar ceton talaka ne daga zaluncin APC, jam'iyyar su Yari, amma da ubangidan nasa, Matawalle, ya sauya sheƙa zuwa APC a 2021, sai ya liƙa sabuwar fasta a kan tsohuwa a bayan babur ɗinsa, ya kuma bayyana cewa dama abin saɓanin 'yan'uwa ne wanda 'yan jarida suka zuzuta. Idan aka tuna masa maganarsa ta da, yakan gyara hula, ya ce siyasa sai manya, sannan ya nemi a ƙaro sukari. Kusa da shi akan sami marubuci, wanda ya sha shayin kowane ɓangare yana gyaɗa kai, daga bisani ya koma gida ya jera su rukuni-rukuni.

Akwai kuma wanda lamarinsa ya wuce raha, shi ne mai tambayar jam'iyyar dattijo kafin ya tausaya masa. Tsohon malamin firamare zai zo da takardunsa a cikin leda, yana jiran garatuti, wato dunƙulallen kuɗin sallama da ake biyan ma'aikaci sau ɗaya idan ya yi ritaya, sai wannan mutum ya dube shi ya ce, "Ai ku kuka zaɓe su, Malam." Fansho da garatuti haƙƙi ne na wanda ya yi shekara 35 yana riƙe da alli, kuma wanda ya mayar da su ladan ƙuri'a ya ci mutuncin malamin da ya koya masa karatu.