Gida Ka Gina Ko Tanderu?

Malam, tun kafin ka buɗe baki na san abin da za ka ce: "Wane hayaƙin kabon? Mu da wutar ma sai an ga dama ake kawowa!" To sannu, mai gaskiya. Idan an ɗauke fa, wa ke tayar da janareto ya hana unguwa barci? Duk litar fetur da ya sha, sai ya yi gyatsar iskar kabon kimanin kilo 2.3. Ka ce ba ka taɓa ganinta ba? Ai kuɗin da ya ƙone ma ba ka ga tokarsu ba, amma aljihunka na ba da shaida tun Mayun 2023 da aka cire tallafin mai.

Ka ce gyara gida don tsimin wuta aikin Turawa ne masu fama da sanyi? Haba! Kakanka ya riga su. Soronsa na ƙasa, mai kaurin bango da rufin azara, shi ke shanye zafin rana ya bar ɗaki da sanyi. Kai kuma da ka waye, ka ɗora kwano tsirara ba silin. Ga ka nan a Afrilu, zafi ya haura digiri 40, kana gasuwa kamar gurasa kana zagin fanka. Me fanka ta yi maka? Iskar da ka dafa ce take kaɗo maka.

Ka ce tsada? Na ji. Fara da ƙwan fitila. Tsohon nan mai wat 60, wanda in ka taɓa sai ka yi salati, yawancin wutar da yake ci zafi take zama. LED mai wat 9 zai ba ka haske irin nasa. Sai silin, sai farin fenti a kan kwano ya kori rana, sai tagogi biyu masu kallon juna iska ta ratsa. Dalbejiya a yammacin ɗaki kuwa, ko mita ba ta da shi.

Ka ce kai AC za ka saya ka huta? Saya mana! Ka kafa shi a ɗakin da kyanwa ke wucewa ta ƙasan ƙofarsa, ka yi ta ɗibar ruwa da kwando. Maƙwabta na godiya, kana sanyaya musu lungu kyauta.

Shiru na ji. In za ka hau kwanon, tsani na nan wurina. Aro ne fa, Malam, kada ya kwana.