Gobe Farashi Zai Tashi

A Kantin Kwari, idan ɗan kasuwa ya rantse maka cewa saura turmi biyu, kana iya leƙa bayansa ka ga tulin atamfar da ya jingina da ita. A waya babu bayan da za ka leƙa. Shi ya sa wasu irin mutane suka yi toho tun da kasuwa ta koma cikin aljihu, kuma duk mai WhatsApp ya san su. Wasunsu ma ciki ɗaya kuka fito.

Babbansu shi ne mai gobe-zai-tashi. Shi ba ya rage kuɗi, ƙari yake yi, kuma yana shelanta ƙarin tun kafin ya zo. Hajarsa ba ta da nauyi: darasin yadda ake odar kaya daga China ta shafin 1688, ko ɗan littafin waya mai koyar da samun dala kana kwance. Mutum goma na farko za su biya naira 3,000, goma na biye 5,000, daga nan sai 10,000, "kuma wallahi ko ƙanina ne ba zan rage masa ba." Abin da bai faɗa ba shi ne kayan nasa ba ya ƙarewa. Bai biya kwastan ba, bai biya kuɗin mota ba, kwafi na dubu da kwafi na farko duk danna yatsa ɗaya ne. A saman shafinsa akwai agogo mai ja da baya: saura awa biyu da minti goma sha ɗaya. Ka rufe, ka yi tafiya, ka dawo bayan sati, saura awa biyu da minti goma sha ɗaya.

Kada a ga wautar masu saye. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, aka kuma saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Mutumin da ya ji mai shinkafa ya ce gobe zai tashi, ya koma washegari ya tarar ya tashi ɗin, ba ya sake wasa da wannan magana. Gaskiyar mai shinkafa ce mutumin namu ya ara ya yafa wa littafinsa.

Sai Hajiyar status. Tun da WhatsApp ya kawo wannan kafa a 2017 ba ta huta ba. Abin da aka ɗora awa 24 yake yi ya ɓace, don haka kullum da asuba sai ta sake shimfiɗa: humra, turaren wuta, abayar Dubai, leshi, a tsakiya gaisuwar Juma'a, sannan habaici ga mahassada. Layukan saman allonta sun yi yawa har sun koma ɗigo-ɗigo. Abu ɗaya ne ba za ki gani ba, farashi. Kin tambaya, sai ta ce, "Hajiyata, biyo ni DM." Kafin ki ƙarasa sallama ta buɗe hotonki ta duba labulen falonki da zoben hannunki. Idan ta hango Ka'aba a bayanki, to kuɗin Umara bai ƙare ba ke nan, humra ta ƙara dubu biyar.

Tana kuma da shaidu. Bayan kowane hoto uku sai saƙon wata kwastoma da aka goge sunanta: "Anti, wallahi maigida har tambaya ya yi." Allah Ya sa gaskiya ne. Ni dai abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda kwastomominta na Sakkwato da na Yola da na Abuja duk suke kuskuren rubutu iri ɗaya da nata.

Mai rangwame ba ya buƙatar dogon bayani. A Amurka Black Friday rana ɗaya ce, washegarin bikin godiyarsu na Nuwamba. Jumia, da aka kafa a Legas a 2012, ta miƙe ta zuwa makonni. Shi kuwa namu ya mayar da ita shekara. Takalmin da yake 25,000 a Satumba sai ya rubuta masa 45,000, ya ja jan layi a kai, ya sa 28,000 a ƙasa. Yana rangwamen Ƙaramar Sallah, na Babba, na 1 ga Oktoba, na cikar mabiyansa dubu, har da na sunan ɗan yayarsa.

Wanda nake tausayi shi ne yaron da ya danna shuɗin maɓallin nan na Facebook mai alkawarin kai tallarka ga dubban mutane. Zoɓo da kunun aya yake yi a Gwammaja. Ya biya Facebook kuɗinta, da harajin kashi 7.5 a kai, amma bai tsaya ya zaɓi gari ko shekarun waɗanda za a nuna wa ba. Da safe ya tarar da yabo daga Bangladesh da Filifin, da wani bawan Allah mai tambaya da harshen da ba ya iya karantawa. Ko gora ɗaya bai sayar ba. Amma yana da hoton allo mai nuna yawan waɗanda suka gani, kuma da wannan hoton, sati mai zuwa, zai buɗe ajin koyar da tallar Facebook. Mutum goma na farko naira 3,000.

A TikTok kuma akwai mai rawa. Za ta yi juyi na daƙiƙa hamsin, sai ta tsaya cak ta ɗaga kwalba: basir, sanyi, ƙiba, rama, ciwon baya, duk kwalbar nan ɗaya, ba lambar NAFDAC a jikinta. Yau wannan man ne sirrin fatarta tun tana yarinya. Makon jiya wani ne.

Masu saye ma ba waliyyai ba ne. Akwai mai rubuta "nawa?" a ƙarƙashin farashin da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Akwai wadda za ta sa a ɗauko mata hoton kala goma sha biyu, a rana da a inuwa, ta ce bari maigida ya dawo, shi ke nan ba a ƙara jin ɗuriyarta ba sai wata Sallar. Akwai gwanin alat na bogi, mai cewa "na tura, matsalar netwok ce, ba direba kayan kawai." Saboda shi ne Hajiya ta daina yarda da kowa, shi kuma mai saye na kirki ya daina yarda da ita saboda wata mai shafi da ta karɓi kuɗinsa ta rufe waya. Sai ka ji su:

"Alhaji, tura ta OPay, ina ganin alat zan ba mai Keke."

"Hajiya, ba shi kayan, yana isowa zan tura."

"Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba?"

"Na yarda mana. Ba shi kayan."

Mai Keke kuma yana ƙofar gida tun azahar, ya kashe inji, ya ce kuɗin jira daban ne.